Innarmu ta rasu: rijiya za mu haƙa da sunanta, ko aikinta za mu nemi mai ɗauka?

Maman_Haidar:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Na gode da addu'o'in da kuka yi mana kan rasuwar mahaifiyarmu, Allah ya bar zumunci. Yau kuma shawara ce ta kawo ni.

Inna ba ta taɓa riƙe muƙami ba, takardar shaida ɗaya ta mallaka a duniya, ta horon ungozoma. Amma a unguwarmu, cikin birnin Kano, ita ce ungozoma, ita ce mai wankan gawar mata, ita ce uwar adashi, wurinta ake kai ƙara in aure ya fara tsami, sannan ta bi masu rigakafin shan-inna lungu-lungu har sai da gwiwa ta hana ta. Ta haifi tara, mu shida muke raye, ban da 'ya'yan riƙo.

Mun haɗa ɗan abin da Allah ya hore mana don a yi mata sadaka mai gudana. Yayyena maza sun tsaya a kan rijiyar burtsatse mai sola, a kafa allo da sunanta. Ban ƙi ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ranar da ta rasu, duk faɗin layinmu aka rasa macen da za ta tsaya ta yi mata wanka da sutura. Sai wata unguwar aka tafi da adaidaita sahu aka ɗauko wata tsohuwa, mu 'ya'yanta mata muna tsaye muna zuba ruwa kawai. Matar da ta shekara fiye da hamsin tana suturta 'ya'yan mutane. Ni ina ganin a kashe kuɗin wajen koya wa matan unguwa wannan aikin da sauran abin da take yi. An ce mini wannan ba abin da ido zai gani ba ne. Me kuka gani?

Abu_Sumayya:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Inna, ya kai haske kabarinta, ya sa can ta fi mata nan.

Ummu_Khalil:
Allah ya gafarta mata, ya ba ku haƙurin rashi. Ni dai ban wuce wurin nan na rasa mai wanka ba. Wallahi a unguwarmu ma mace ɗaya ce, ta tsufa tukuf, in ta je ƙauye sai a yi ta ajiye gawa ana jiran ta.

Ɗan_Fagge:
Allah ya sa ta huta. Hajiya, shekarunta nawa?

Maman_Haidar:
Katin zaɓenta ya ce 1 ga Janairu 1945, amma wannan yaron da ya yi rajistar ne ya duba fuskarta ya rubuta. Abin da take faɗa da bakinta shi ne tana goyon fari aka yi rasuwar Sarki Alhaji.

Malam_Na_Tarihi:
To ai an gama lissafi. Sarki Alhaji shi ne Sarkin Kano Abdullahi Bayero, ya yi sarauta daga 1926, ya rasu a ƙarshen 1953. In a lokacin tana da goyo, kuma a zamaninsu ana aurar da yarinya tana 13 ko 14, haihuwarta ba za ta wuce 1937 zuwa 1939 ba. Ta haura 85 ke nan da lissafin bature. Da lissafin wata kuma a ƙara mata kusan uku, tunda kowace shekara 33 ana samun rarar ɗaya. Duk wanda ya ce ta kai casa'in bai yi ƙarya ba. Ta ga Sanusi na farko, ta ga Muhammadu Inuwa, ta ga duk shekara 51 na Ado Bayero. Ku rubuta wannan ku ajiye wa jikoki, kada katin zaɓe ya zama shi ne tarihinta.

Abu_Sumayya:
Na dawo kan tambayar. Yayyenki suna da hujja mai ƙarfi. Sa'adu bin Ubada mahaifiyarsa ce ta rasu, ya tambayi Manzon Allah (SAW) wace sadaka ta fi, aka ce masa shayar da ruwa. Ya haƙa rijiya ya ce wannan ta mahaifiyar Sa'adu ce. Abu Dawuda ya ruwaito. Kin ga har ambaton sunan ma yana da asali.

Bin_Usman:
Ambato da baki daban, allon marmara da hoto da jerin sunayen 'ya'ya daban. Yawancin allunan da nake gani a bakin titi tallan masu rai ne, mamacin ya zama dalili kawai. A yi rijiya a yi shiru.

Hajiya_Babba:
Bin_Usman, ɗana, ba ka shiga zuciyar kowa ba. Wani in ya ga sunan yakan ce Allah ya jiƙanta kafin ya ɗauki jarkarsa. Wannan ba riba ba ce?

Injiniya_Sola:
Ni aikina ke nan, don haka bari in faɗi abin da masu haƙawa ba sa faɗa. Haƙa rijiya shi ne mai sauƙin. Famfon da ke ƙasa yana ƙonewa, ana sace faifan sola, kan famfo yara suna karya shi cikin wata biyu. In ba a ware kuɗin gyara da mutum ɗaya da za a riƙe da alhaki ba, nan da shekara uku tanki ne kawai zai rage a sama da sunan Inna a jiki. Ku zagaya unguwanni ku ƙirga irinsu. Sannan cikin birni gidaje a matse suke, masai kusa da kusa, dole a duba wurin sosai a kuma gwada ruwan kafin a ce wa mutane su sha.

Nas_Rabi:
Allah ya jiƙan Inna. Zan faɗi abin da wataƙila ba zai yi daɗi ba a zaman makoki, a yi mini afuwa. Ina aikin ɗakin haihuwa, kuma ina jin tsoro duk lokacin da aka ce a farfaɗo da aikin ungozoma. Muna ganin abin da ake kawo mana: mace ta kwana biyu tana naƙuda a gida, a zo da ita ɗa ya mutu a ciki, ta tashi da yoyon fitsari. Yankan gishiri. Jijjiga a ce iska ce a yi ta hayaƙi. Cibiya a shafa mata abin da bai kamata ba jariri ya kamu da sarƙewar haƙora. Ga wankan jego da tafasasshen ruwa da kunun kanwa kullum, wanda tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Ban ce Inna ta yi ko ɗaya ba. Amma in koyarwa za a yi, me za a koyar?

Ɗan_Fagge:
Haba Malama, mutane na jimami ke kina kawo lakca. Mu duk ungozoma ce ta yanke mana cibiya ga mu nan da ƙafafunmu.

Nas_Rabi:
Waɗanda ba su rayu ba ai ba sa cikin zauren nan balle su yi magana.

Maman_Haidar:
Ɗan_Fagge ƙyale ta, gaskiya ta faɗa, kuma Inna da kanta za ta goyi bayanta. A farkon aikinta ta yi abin da ta gada wurin kakarta, har da kunun kanwa. Mu ma ta ba mu. Yankan gishiri ne dai ban taɓa jin ta yi ba, takan ce hannunta ba ya iyawa. Bayan horon da aka yi musu ta sauya sosai. Kullum akwai sabuwar reza a takardarta da sabulu da zare a cikin wani kwano da ba mai taɓa mata shi. Daga baya ma da aka kawo man shafa wa cibiya na asibiti ta hana gashi da tsumma.

Amma babban aikinta a shekarun ƙarshe ba karɓar haihuwa ba ne, faɗa da mazaje ne. In ta ga jini ya ɓalle, ko ƙafa ta kumbura mace na cewa kanta zai tsage, ko rana ta fito ta faɗi ba a sauka ba, za ta fita zaure ta sami maigidan. In ya ce a jira, sai ta ce masa ita ce za ta wanke gawar in an jira, don haka ba za ta jira ba. In ya yi tafiya ta ce ita ta ba da izini, in ya dawo ya zo ya same ta. Ba wanda ya taɓa zuwa. Tana da lambar direbobi biyu a rubuce jikin bangon ɗakinta.

Nas_Rabi:
To wannan shi muke nema. Wadda za ta gane alamar haɗari ta rako mace da wuri, mai girman da miji ba zai iya yi mata musu ba. Ni in na faɗa wa namiji ya kawo matarsa awo kallon 'yar cikinsa yake mini. In irin wannan za ku koyar, ni zan zo kyauta ranar da ba ni da aiki.

Bintu_Sakkwato:
Allah shi gafarta ma Inna. Abin da Maman_Haidar take tunani ba sabo ba ne, tsarin Nana Asma'u 'yar Shehu ne. Ta rayu daga 1793 zuwa 1864, kuma ba ta tsaya kan karantar da wanda ya zo gidanta ba. Ta naɗa jajis, dattawan mata amintattu, ta ba kowace malfa da jan ƙyalle, su jagoranci matan ƙauyukansu su zo su ɗauki karatu cikin waƙe da Hausa da Fulatanci su koma su koyar. Su ne 'Yan Taru. Da ta rasu ƙanwarta Maryam ta ci gaba, shi ya sa abin bai mutu da ita ba. Kakata tana cikin masu wannan gado, kuma a wurinta karatu da wankan gawa da duba mara lafiya da sharar masallaci duk abu guda ne. Abin da na lura, ba ta zuwa wanka ita kaɗai, dole da wata ƙarama a bayanta riƙe da buta. Tambayata ga Maman_Haidar, kada ki ji haushi: cikin ku 'ya'yanta mata me ya sa ba wadda ta koya?

Yaya_Asabe:
Ni zan amsa wannan, ni ce babbar 'yarta mace, ƙanwata ce ta turo mini zancen. Ba mu koya ba saboda ba mu so. Ku kuna jin labarin ne daga waje. Ina 'yar shekara goma nake tuƙa tuwon gidanmu saboda an buga ƙofa an tafi da Inna. Dare, damina, ranar salla, ba ruwan masu bugawa. Ranar kamuna tana gidan wata mai naƙuda. In ta dawo daga wanka yaran layi ba sa cin abin da ta taɓa, ana ce mana 'ya'yan mai gawa, akwai wanda ya fasa neman ƙanwarmu saboda haka. Abin da ake ba ta kuma, goro ne da ɗan turmin atamfa in an yi suna, wani gidan ko sannu. Sau da yawa alawayyon likkafani daga kuɗin ƙosanta yake fita. Babanmu, Allah ya jiƙansa, ya sha magana wurin abokansa kan ya bar matarsa tana yawon dare, ya toshe kunnensa. In ana yabon Inna a riƙa haɗawa da shi.

Ina son uwata, kuma na san inda ta dosa da aikinta. Amma na rantse tun ina yarinya ba zan yi ba, kuma ban yi ba. Duk wadda za ku ɗora wa wannan kaya ku tambayi 'ya'yanta tukuna.

Ummu_Khalil:
Yaya Asabe kin sa ni kuka. Allah ya saka muku, ku ma kuna da kaso a ladan.

Hajiya_Babba:
Asabe, 'yata, ba ki faɗi laifi ba. Kuskuren da muka yi mu manya shi ne barin mutum ɗaya da aikin jama'a. Wankan mamaci farilla ce ta kifaya, a kan unguwa duka take, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Da mata goma ne suka iya, da ba a raba ki da uwarki ranar kamunki ba.

Sani_Kwamred:
Ni inda nake jin haushi shi ne yadda hukuma ke cin moriyar irin su Inna. Ana kiran su 'yan sa kai don kada a biya su. Dubi shan-inna. A 2003 aka dakatar da rigakafi a Kano kan zargin an sa maganin hana haihuwa, sai a Yulin 2004 aka dawo bayan an kawo na Indonesiya. Sanarwa aka yi a rediyo, amma wa ya shiga gidajen da aka rubuta "ba shiga" ya shawo kan uwa da kaka? Tsofaffin matan unguwa. Mutane kuma suna da dalilin tsoro, ba su manta gwajin maganin da wani kamfanin Amurka ya yi a kan yara lokacin sanƙarau na 1996 ba. Ranar 8 ga Fabrairu 2013 aka harbe mata tara masu rigakafi a Kano. A Agustan 2020 da aka ce Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali, manya ne suka karɓi takardar yabo a gaban kyamara.

Maman_Haidar:
Kwamred, Inna ba ta ɗiga maganin ma, rakiya take yi. Ta shiga gaba ta yi sallama, ta kira matar gidan da sunan da uwarta ke kiranta, ta ce ni na yanke miki cibiya, zan kawo abin da zai cuci ɗanki? In an ƙi ta aika a ɗauko jikanta a ɗiga masa a gabansu. Yarana sun sha wannan ɗigon ba adadi, ɗan yatsansu kullum da tawada. Bayan harbin 2013 yayyenmu suka ɓoye mata hijabi da takalmi. Ta ari na maƙwabciya.

Bin_Usman:
To ni har yanzu ban gamsu da wannan rigakafin ba. An ce cutar ta ƙare, me ya sa har gobe suke yawo da alli suna ɓata mana bango?

Nas_Rabi:
Ta asalin ce ta ƙare a Najeriya, an ga ta ƙarshe a Borno a 2016. Akwai wani nau'in da ke ɓulla inda yara da yawa ba su samu rigakafi ba, shi ake bi. Buɗe wani zancen daban in yi maka bayani.

Mai_Kula_Da_Zaure:
A dawo kan tambayar Maman_Haidar don Allah. Duk wanda ya sake jan zancen rigakafi zan goge.

Hadiza_Maradi:
Gaisuwar ta'aziyya daga Nijar, Allah ya jiƙan tsohuwa. Ni shawarata a haɗa abin da asusu. Nan wajenmu akwai Mata Masu Dubara, ƙungiyar CARE ta faro shi a yankin Maradi a 1991. Mata su taru kowane mako su zuba kaɗan-kaɗan cikin akwati mai makullai a hannun mutane daban-daban, a ba da rance, a kuma ware wani kaso na taimako. A ƙungiyar uwata daga wannan kason ake sayen likkafani da turare da kuɗin mota in naƙuda ta yi tsanani a kai mace likita. Tunda Inna uwar adashi ce, matan da ke zubi wurinta suna nan, sun saba haɗuwa. Da su za ku fara. Kuɗinku ya zama jari na farko, ba ya ƙare a bikin buɗewa ba.

Ɗan_Zongo_Nima:
Allah ya yi mata rahama. Mu a Accra matan zongo suna da ƙungiyoyinsu da magajiyarsu, biki ko rasuwa su ne a gaba. Amma matsalar ɗaya ce, masu wanka duk tsofaffi ne, 'yan mata suna gudu.

Malama_Amira:
Ba sai kun ƙirƙiro komai daga tushe ba. Makarantun Islamiyya na matan aure suna ko'ina, ga FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya, da aka kafa a Minna tun 1985, marigayiya Hajiya Aisha Lemu ce amirarta ta farko, suna da rassa har ƙananan hukumomi. Babin jana'iza ana karanta shi a littafin fiƙihu na Risala, matsalar ana wuce shi da baki ne kawai. Mu a makarantarmu muna yin sa a aikace da 'yar tsana babba: yadda ake rufe al'aura, a fara da dama da gaɓoɓin alwala, a wanke sau uku ko biyar, da ganyen magarya, kafur a na ƙarshe, a kitse gashi gida uku kamar yadda Ummu Aɗiyya ta ba da labarin wankan 'yar Manzon Allah (SAW). Wuni biyu ya isa a koya. Abin da ba ya koyuwa a aji shi ne dakiya da riƙe sirri, sai an bi wadda ta iya. Tsohuwar da aka ɗauko ta wanke Inna, ku nemo ta tun tana da ƙarfi, ku biya ta ta zama malamar.

Abu_Sumayya:
Malama, likkafanin mace biyar ne ko?

Malama_Amira:
Biyar ya shahara a wasu mazhabobin. A littattafanmu na Malikiyya an so biyar ga namiji, bakwai ga mace. In babu hali, abin da ya rufe jiki ya wadatar.

Bin_Usman:
Na yarda da wannan fiye da allo. Hadisin da ake kafa hujja da shi ma abu uku ya ambata: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai addu'a. Ban san dalilin da ya sa muka maƙale wa na farkon ba. Kuma a tuna matar nan mai sharar masallacin Madina da aka binne ba a sanar da Manzon Allah (SAW) ba don an raina lamarinta, ya ce a nuna masa kabarinta ya je ya yi mata salla.

Babban_Yaya_K:
Ni ne yayan da ake magana a kai, an ce in shigo in kare kaina. Ba suna nake nema ba. Ƙannena mata suna gidajen mazajensu, ni nake zaune a layin, ni nake ganin yara da 'yan garuwa suna layi tun asuba, ina ganin abin da jarka ta koma. Inna da kanta ta sha cewa da tana da hali da ta kawo ruwa. Ruwa kowa zai sha, yau. Ajin wanka kuwa, wa ya ba ni tabbacin matan da aka koya wa mazajensu za su bar su fita ƙarfe biyun dare? Asabe ta gaya muku abin da ke ciki. Allon kuma na janye, a bar shi.

Injiniya_Sola:
Alhaji, in allon ya fita da fentin ado da walimar buɗewa, akwai abin da zai ragu. Turo mini zurfin rijiyoyin maƙwabtanku da girman tankin da kuke so in duba muku ko kuɗin zai ɗauki biyun.

Yaya_Asabe:
In za a yi ajin, sharaɗina a kira mazajen su zauna da mai unguwa da liman su amince a gaban jama'a, kuma a yi juyi, kowace da makonta. Ni ba zan yi wankan ba, na faɗa. Amma zan iya riƙe akwatin likkafani, na san inda Inna take sayen alawayyo a Kwari da sauƙi.

Hadiza_Maradi:
Kar makulli ya zauna hannun mutum ɗaya dai, Yaya, ko da ke ce.

Ɗan_Fagge:
Ni tambayata, littafin adashin nata fa? Akwai waɗanda ba su kwashi nasu ba? A fara sauke wannan kafin rijiya ko aji, bashi ne a kanta.

Maman_Haidar:
Ba ta da littafi, a ka take riƙewa, sai wasu zane-zane da take yi da gawayi a bayan ƙofa. Mata uku sun zo sun ce saura kwasarsu, wata ta huɗu kuma sauran sun ce ta riga ta kwasa tun kafin azumi. Yaya ya ce a biya duka huɗun daga kuɗin da muka tara kafin a yi maganar komai. Malama_Amira, turo mini lambarki ta akwatin sirri, gobe in Allah ya kai mu zan je neman tsohuwar nan, an ce ta koma wurin ɗanta a Rijiyar Lemo.